Ciyawar da Mai-Feshi Yake Kawowa

Ranar da Mai-Feshi ya faɗi a ƙofar gidan yayarsa, awaki ne suka fara kai masa ɗauki. Igiyar dammin ciyawa ta sarƙe tayar kekensa, sai ga shi rigingine, ciyawa ta binne shi, awaki kuwa suka taru suna ci a kan tumbinsa. Yaya ta leƙo ta ce a bar su su ƙoshi tukuna, sannan a ɗaga shi.

Halinta ke nan. Tun da mijinta ya rasu awakin nan ne abokan hirarta, kuma in aka zo rabon tausayi su take fara ɗibar wa. Da akuya guda ta fara, wadda yanzu tsufa ya zubar mata da haƙora har ana ce mata Kaka. Duk abin da ke turke a gidan zuriyarta ce. Ciwon gwiwa ya hana Yaya fita, sai ƙanen nata, mai sana'ar feshin maganin ƙwari a lambunan mutane, ya ɗauki nauyin kawo ciyawa. Da ya gama feshi sai ya sauke tanki daga bayansa, ya zaro lauje, ya yanko wadda ke tsakanin layukan kabeji. Kore shar, ko ƙwaro ɗaya babu a jikinta, har bugun ƙirji yake da hakan.

Sannu a hankali 'yan awakin da aka yaye suka daina tsalle a kan turmi. Yaya ta ja fatar idon ɗaya, ta ga ciki ya yi fari fat. Ta duba ta Kaka, haka. Manyan kuwa ƙalau suke, suna ta tunkuyin juna, shi ya sa ba wanda ya zargi abincin, tunda kwano ɗaya kowa yake ci. Sai da ƙaramin cikinsu ya mutu aka kira likitan dabbobi. Ya ɗebi jinin ƙanana da na manya da na Kaka, kowanne a kwalbarsa, ya tafi.

Da ya dawo ya ce, "Mama, jinin ƙananan nan ya ragu sosai, na tsohuwar ma haka. Su manyan abin ya taɓa su, ƙarfi ne kawai ya rufa musu asiri. A ina ake samo ciyawa?"

Mai-Feshi ya gyara tsayuwa ya fara bayani da alfahari. Yana isa wajen bayanin yadda yake sauke tankin feshi ya yanki ciyawar a wurin, sai muryarsa ta yi ƙasa. Shi da bakinsa ba ya hutawa da zolaya, ranar bai yi wa kowa ba'a ba. Ya daɗe tsaye yana kallon Kaka tana numfashi sama-sama, yana tuna cewa wannan dammin ne kaɗai abin da yake iya yi wa matar da ta goya shi.

Likita ya bar magani. Mai-Feshi kuwa ya koma yanko ciyawa can bayan lambunan, inda tankin kowa bai taɓa zuwa ba. Yaya takan kwance dammin ta bincika, in ta ga ganye da hudar tsutsa sannan ta yarda a zuba. Ƙananan suka farfaɗo. Kaka ta miƙe, amma da kyar take kai kanta wajen ruwa.

Bakin Mai-Feshi ya dawo tare da lafiyarsu. Wata yamma yana zuba musu dusa ya ce, "Yaya, ni fa da nake shaƙar maganin feshin kullum ga ni garau. Raki ne kawai irin na 'ya'yan gata."

Ba ta ko ɗago kai daga shafa wuyan Kaka ba.

"Manyan ma garau muke ganinsu kafin a ɗebi jininsu," ta ce. "Gobe kai da asibiti. Da likitan bai tafi ba, da na ce masa akwai sauran bunsuru ɗaya da bai duba ba."