Umara Mai Fasfo da Dutsen Shira

A watan Maris na 1998 Umara ya fara haɗuwa da Bappayo, ranar da makiyayin ya shigo shagonsa a Azare neman hoto. Umara Babarbare ne mai ɗaukar fasfo. Kayan aikinsa farin ƙyalle da benci da tsohuwar kyamara, maganarsa kuma ɗaya: "Ɗaga haɓa, Malam." Babarbare da Bafillace, tun ranar wasa ya shiga tsakaninsu.

Bara yanar ido ta fara rufe wa Bappayo gani, ƙafa kuma ta gaza. Ya ce, "Kai bawana, kafin duhu ya gama shigowa, ɗauko min dutsen Shira inda na yi kiwo da ƙuruciya."

"An gama, ɗan daji," in ji Umara. Daga nan zama ya ƙare masa.

Idon kyamararsa fuskar mutum kaɗai ya sani. Ya tambayi 'yan sana'a, wani ya ce ido mai faɗi ake sawa, wani ya ce dogo mai janyo nesa. Sau biyu yana zuwa Kano, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya ajiye, ya dawo hannu wofi. Matarsa Zinatu ta ce, "Malam, dutse zai jira ka. Idon mutumin fa?"

Ya sayi mai faɗin da ƙafa uku ta kafa kyamara, ya hau babur. Ya tsaya nesa don komai ya shiga, ya ɗauka, ya wanke.

Bappayo ya kai hoton dab da hancinsa, ya juya shi sama da ƙasa. "Wannan surin fa? Barebari dai ba ku san dutse ba."

Umara ya koma da hantsi, ya koma da la'asar, duk suri yake kawowa, yanar idon Bappayo kuwa sai ƙara kauri take. A zuwa na huɗu bai miƙa komai ba. Ya zauna bakin tabarma ya ce, "A ina kake tsayawa ka kalle shi?"

"Kallo? Mai shanu sittin yana kallon dutse? Gindinsa na sani. Akwai tsaga ta gabas inda ruwa ke kwana bayan damina, da tsamiya a karkace."

Washegari Umara ya kwance sabon idon, ya mayar da na fuska. Ya yi awa biyu yana zagaye cikin ƙaya kafin ya sami tsagar. Ya matsa kusa, ya ɗauka, ya sa aka wanke shi babba kamar faifai.

Bappayo ya karɓi hoton ya kai shi dab da idonsa. Can ya ɗora yatsa a gefen ruwan. "Nan farar saniyata ta zame ta karye. Baffa ya zane ni ranar."

Ya shiga ƙwala wa jikoki kira su zo su gani. Kafin su taru, Umara ya zura takalmansa ya tura babur zuwa hanya.