Baƙin Kek na Anti Verna

Shaffeek Rahaman mijin yayata ne, manomin shinkafa a ƙauyenmu da ke gaɓar kogin Berbice, a ƙasar Guyana. A gonar ya tashi, a nan gashinsa ya yi furfura. Duk garin an san shi da tsantseni a kan abinci. In ya shiga kanti sai ya ɗora tabarau ya karance bayan kwalin biskit kaf, mutane na tsaye a bayansa suna tsaki. Ba ya cin kazar da bai san wanda ya yanka ta ba. Yaran masallaci kuwa sun sha wa'azinsa har sun gaji.

Amma akwai abu ɗaya da bai taɓa bincika ba.

Maƙwabciyarsu Anti Verna Kirista ce, tsohuwar ungozoma, ita ta karɓi haihuwar duk 'ya'yansa. Kowace Kirsimeti takan aiko masa da baƙin kek a cikin gwangwani. To, a Guyana ko yaro ya san yadda ake yinsa: zabibi ake jiƙawa a giyar rake wata da watanni. Yaya Shaffeek, mai karanta bayan kwali, sai ya karɓi gwangwanin nan shiru, ya shige ɗaki. Ɗan yajin da ke tsaya masa a maƙogwaro ya fi komai yi masa daɗi, kuma a zuciyarsa ya san sunan da ya ba wannan yajin. Dabararsa ita ce kada ya tambaya, wai tunda ba a faɗa masa ba, bai sani ba. Daga baya ne ya gaya mini duk wannan da bakinsa.

Ana nan, shekarar da zai tafi aikin hajji, liman ya yi karatu bayan sallar Juma'a. Ya ce jahilci uzuri ne ga wanda bai samu hanyar sani ba, amma wanda ya toshe kunnensa da gangan ba jahili ba ne. Yaya ya ce ji ya yi kamar an kira sunansa a lasifika.

Da gwangwanin wannan shekarar ya iso, sai ya rasa inda zai sa kansa. In ya ci, da wace fuska zai tsaya gaban Ka'aba? In ya mayar, ya ci fuskar matar da ta fara ɗaukar 'ya'yansa kafin shi. Ya yi ta juyi, daga ƙarshe ya rungumi gwangwanin ya tsallaka kwata.

Ina inuwar ƙarƙashin gidan Anti Verna, wanda aka gina a kan dogayen ginshiƙai, ina taya ta ɓarar wake sai ga shi, yana tafe kamar mai zuwa ta'aziyya.

"Anti, barka da hutawa. Don Allah kada ranki ya ɓaci. Bana ba zan iya ci ba."

"Ciwon suga ne ya kama ka?"

"A'a. Giyar da ke ciki ce. Addinina ya hana."

Ta ajiye kwanon wake ta dube shi sama da ƙasa.

"Wace giya? Kai yaro, ni kake tsammanin zan ɗura wa Musulmi giya? Naka daban nake yi. Kwalbarka daban, da ruwan inabi na yara nake jiƙa zabibinka, ko cokali ba na haɗawa. Citta da kanumfari nake ƙarawa don ya yi ƙarfi. Matarka Zorina ta zo ta tambaye ni tun kuna amarya da ango."

Na ce, "Haba Yaya, ai duk gidan mun sani. Kai da kake karanta mana kwalin gishiri?"

Na so in yi dariya, sai na ga fuskarsa. Maimakon murna, kunya ce ta rufe shi, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ni ma kunyar ta kama ni, na sunkuyar da kai ina ɓarar waken da na riga na ɓare. Matar da ba ta taɓa sa goshi a ƙasa ba ta tsare masa addininsa shekara da shekaru, shi kuwa yana ɗaki yana lasar yatsa a kan abin da ya ɗauka haram ne.

Anti Verna ta ce a hankali, "Tsaya, Shaffeek. To kai duk shekarun nan me kake zaton kana ci?"

Ya rungumi gwangwaninsa, ya tsallaka kwata ya koma gida.

Ya je hajji ya dawo. Gwangwanin bai fasa zuwa ba, kuma yakan ci a tsakar gida, a gaban kowa. Amma tun daga ranar ban sake jin ya yi wa yaran masallaci wa'azin abinci ba. In suka tambaye shi wani abu, sai ya ce su je wurin liman.