Bafalasɗinen da Aka Kora Don Kishin Falasɗinu

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa bas tsakanin tashar Kudai da Masallacin Harami a ƙasa mai tsarki, akwai wani tsoho Bafalasɗine da ke sayar da ful da ta'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosan Larabawa, a bakin layinmu. Shagon ɗan ƙarami ne, benci biyu da tebur, sai wata tsohuwar talabijin a saman firij. Ammi muke ce masa, wato baffa. Ya baro ƙauyensu yana saurayi don neman aiki, yaƙi ya ɓarke a bayansa, aka rufe masa hanyar komawa. Ƙanensa ne ya rage a can, yana riƙe da abin da ya saura na gonar zaitun ɗin ubansu, don an riga an yanke mafi yawanta an gina wa 'yan kama-wuri-zauna gidaje.

Ku da kuka san ni kun san tumbin nan ba daga sama ya faɗo ba. A shagon Ammi na tara rabinsa. Kullum da hantsi nake zuwa tare da abokina, wanda muka taso unguwa ɗaya, shi ma jikan mahajjatan Kano kamar ni. Kayan waya yake sayarwa. Mutum ne mai kyauta, mai saurin kuka, kuma in ya fara magana ba a samun wurin saka allura.

A wani lokaci da ake ruwan bama-bamai a Gaza, muna zaune muna karyawa, talabijin ta nuno wani uba ɗauke da gawar 'yarsa. Kowa ya tsame hannu daga kwano. Abokina ya miƙe, idonsa jawur, ya fara tsinuwa. Da farko sojojin ya tsine wa, duk muka ce amin. Daga nan ya wuce. Ya ce Yahudawa ne suka ƙirƙiro kowace cuta a duniya, su ke riƙe da kowane banki, jininsu ma daban yake. Har ya kai ga yabon azzalumin nan na Jamus da ya yi musu kisan kiyashi, ya ce laifinsa ɗaya, da bai ƙarasa su ba.

Da Larabci aka yi maganar, ni nake mayar muku da ita Hausa. Ammi ya ajiye ludayi ya ce, "Ya waladi, ɗana, ban da wannan a shagona."

Abokina ya ce, "Ammi, ai saboda ku nake faɗa."

"Saboda ni? To ni ban aike ka ba. Mutumin da kake yabo yara ya ƙone, irin wannan da ka gani yanzu. Kuma ɓarnar da ya yi a can, mu aka kawo wa takardar biya. Ni abokin gabata wanda ya ƙwace gonar ubana ne, da wanda ya ba shi bindiga, da wanda ya ce Allah ne ya halatta masa. Ba duk wanda uwarsa ta haife shi Bayahude ba."

Sai ya ba mu labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce duk lokacin tsinkar zaitun, akwai wasu Yahudawa da ke zuwa gonar ƙanensa su tsaya tare da shi, don in suna wurin ba a cika kawo hari ba. A cikinsu har da wata tsohuwa. Wata shekara 'yan kama-wuri-zauna suka sauko da sanduna, ta shiga tsakaninsu da ƙanen nasa, suka karya mata hannu suna kiranta maciya amana. Da shekara ta zagayo sai ga ta ta dawo.

"Ita ma a ƙarasa ta?" in ji Ammi.

Abokina ya ce, "Makirci ne. Bayahude dai Bayahude ne." Ya fice, bai ko shanye shayinsa ba.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Ashe ya je ya yi saƙon murya ya tura zauren 'yan unguwa na waya, cewa mai ful na bakin layi yana kare Yahudawa, Musulmi su yi hattara da inda suke cin abinci. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ba zan yi masa ƙari ba. Amma kun san magana in ta bar baki ƙafa take yi. Kafin Juma'a ta zagayo an ce man da Ammi yake suya da shi daga Isra'ila ake kawo masa. Wani ya ce uwarsa Bayahudiya ce. Wani direba abokin aikina ya rantse mini cewa ɗan leƙen asiri ne, wai shi ya sa ya zaɓi kusa da tasha, don ya riƙa ƙirga alhazai.

Na yi musu har muryata ta dushe. Abin da na samu shi ne suna, aka koma kirana lauyan ful. Na sami abokina a shagonsa na ce ya janye maganarsa. Na ce, "Haba ɗan'uwa, shi fa aka raba da gida. Kai me aka ƙwace maka?"

Ya ce, "Ba sai an ƙwace mini komai ba. Wanda ya tausaya musu, nasu ne."

Da na kai wa mahaifiyata labarin, sai ta dube ni ta ce, "Kakanku da ƙafa ya zo garin nan. A nan aka haife ni, a nan na haife ku. Amma har gobe in baƙin yaro ɗaya ya yanki aljihu, sai ka ji an ce Takari duk ɓarayi ne. Wanda ya san zafin wannan a jikinsa, shi ne zai ɗauka ya shafa wa wani?" Daga ranar kullum sai ta aike ni sayen ful, alhali ita ful ɓata mata ciki yake yi. Maƙwabta take raba wa, ba ta gaya musu daga inda ya fito.

Cinikinmu ni da ita bai isa riƙe shago ba. Benci ya zama wayam. Wata safiya na tarar da Ammi yana kankare ƙofar shagon da soson ƙarfe, an rubuta masa "Yahudi" da jan fenti. Na karɓi soson na ci gaba.

Ammi bai kai aikin Hajjin shekarar ba ya rufe, ya ce zai koma wurin 'yarsa a Jordan. Ni na kai shi filin jirgi a Jidda. A hanya na yi ta ba shi haƙuri, ina cewa mutanenmu ba mugaye ba ne, zafin abin da suke gani ne. Ya ce ya sani. Can da muka kusa isa ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Na rasa gida na farko don ni Bafalasɗine ne. Na rasa na biyu wai don ni Bayahude ne. Ko me zan zama a na uku?"

Har yau ina tare da Falasɗinawa, kuma ba na neman afuwar kowa a kan haka. Zaluncin da ake yi musu zalunci ne, ko wa ya yi shi. Amma tun daga kan Ammi na koyi kasa kunne in mutum yana ihu. Akwai mai so a mayar wa mutane gonarsu, akwai kuma wanda dama can yana neman wanda zai tsana, sai ya samu tuta ya lulluɓe ƙiyayyar da ita. Na biyun ba ruwansa da mai gonar. In mai gonar ya tsaya masa a hanya, shi ma ture shi zai yi.

Ammi ya rasu a can wurin 'yarsa. Da labarin ya iso ni na haɗu da abokina a ƙofar masallaci, don yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na gaya masa. Ya ce Allah ya jiƙansa, har da hawaye, kuma na yarda hawayen gaskiya ne. Na ce, "Shekara nawa kana cin abinci a hannunsa. Ka san sunan ƙauyensu?"

Ya dube ni ya ce, "Wane ƙauye?"