Jirgin da Ya Gagari Fataw

Fataw bakanike ne a unguwar Kanvili, cikin Tamale. Shekara ashirin yana gyaran babura da yelo-yelo, wato kekunan haya masu ƙafa uku, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, kuma abin da ya mallaka a duniya bai wuce sunansa ba: inji bai taɓa gagararsa ba. Shi ya fi kowa faɗin haka, amma gaskiya ne. Saboda sunan nan direbobi ke tsallake gareji biyar su zo wurinsa.

Sai Alhaji Abdul-Baki na Sagnarigu, unguwar da Fataw ke zaune, ya sayo jirgin ruwa mai inji daga Tema, wai zai riƙa ɗaukar fasinja a kogin Yapei. Jirgin ya ƙi shiga ƙofar gida, aka ajiye shi a jikin katanga ta waje, aka lulluɓe da tamfol. Wata biyu yana nan. Abin mamaki, duk sanda Alhaji ya leƙa ramin injin sai ya tarar da ruwa kwance. Ga rani tsaf, ga unguwar ta yi sati shida famfo bai ɗiga ba, amma jirgin da ke kan tudu yana neman nutsewa.

Aka kira Fataw, mutumin da bai taɓa taka jirgi ba. Bai ga dalilin faɗa wa kowa wannan ba.

"Maigida, inji inji ne," in ji shi a gaban 'yan kallo. "Ba ni kwana uku."

Ya kwance tiyo-tiyon injin ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Ya bi ƙasan jirgin yana ƙwanƙwasawa da sifana, babu tsaga. Ya ɗanɗana ruwan, ya ji ba mai, ba tsatsa, garau kamar na randa. Daga nan ya yi dabarar da na yaba masa: ya tsane ramin da tsumma, ya barbaɗa toka kewaye da injin, ya tafi gida.

Washegari tokar ta nuna masa hanya. Ruwan ba daga injin yake fitowa ba, daga gaban jirgin yake gangarowa. Ya ɗaga tamfol, ya buɗe murfin ramin gaba, sai ga ruwa cike fal, da wani shuɗin kofin roba yana yawo a kai. Matan Tamale kan shafa wa kayan ɗiban ruwansu fenti don kada su ɓace a layi. Wannan kofin ɗigon ja uku ne a gindinsa, alamar Zuleha, matar Fataw.

Yana tsaye da kofin sai Hajiya Mashudatu, matar Alhaji, ta leƙo ta saman katanga.

"Fataw, ka gani ke nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Alhaji ya sa kwaɗo a famfon rijiyar burtsatsenmu, ya ce gidanshi ba dam ba ne. Bai san ina da wani makullin ba; in ya tafi kasuwa ni ke jefo tiyo in cika jirgin, mata su ɗiba. Gida sha huɗu ke sha nan, har naku. In ka faɗa mishi, gobe ya ja jirgin ya kai Yapei."

Wato duk wankan da Fataw ya yi cikin sati shidan nan, da shayin safensa, daga cikin jirgin Alhaji suka fito. Bai taɓa tambayar inda Zuleha ke samo ruwa ba. Mu maza haka muke, buta dai a cike.

Rana ta uku Alhaji ya fito da baƙinsa, 'yan kallo sun cika layi, direbobin yelo-yelo sun faka suna jiran gwaninsu.

"To, injiniya, ina yake yoyo?"

Fataw ya dubi jirgin, ya dubi matan da ke tsaye can nesa da jarkoki. Wallahi na tausaya masa.

"Alhaji, na kasa," ya ce. "Amma kar ka sa shi a kogi. Jirgin da ke shan ruwa a tudu, a kogi mutane zai kashe."

Aka fashe da dariya. Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Gurugu, kuma tun daga ranar rabin direbobinsa suka koma wani gareji. Jirgin yana nan a jikin katanga har yau, Alhaji yana neman bakanike daga Akosombo, inda masu gyaran jiragen ruwa suke.