Baban Haya

Waya ce ta jawo mini. Ina aji shida a sakandaren gwamnati, saura wata biyu jarrabawar fita, ta yi ƙara a aljihuna ana tsakiyar darasin lissafi. Kafin a tashi an miƙo mini takarda: dakatarwa ta mako biyu, kuma kada in dawo sai da mahaifina. Laifina na biyu ke nan a zangon, na uku kuwa kora ce.

Ban faɗa a gida ba. Baba mahauci ne, ni ne ɗansa na fari, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. “Wancan” yake ce mini. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, amma ni a lokacin ƙiyayya na ɗauke ta. Ta ina zan tunkari mutumin da ko ido ba ma haɗawa?

Kullum da safe sai in saka yunifom in bar Ƙofar Kware kamar mutumin kirki. In shiga wannan lungu, in ɓulla wancan, in zauna a gindin darbejiya, kafin minti biyar na miƙe. Duk mai babur da ya dube ni sai in ga kamar mai sayen nama ne a teburin Baba. Na rame, na tsani kaina.

Wani ɗan ajinmu ne ya nuna mini mafita. A Kwalkwalawa akwai wani tsoho mai sayar da rake, yana da babbar riga guda ɗaya da ya ajiye don wannan aiki. Ka ba shi na goro, ya zama ubanka na rabin awa. Na je, na karanta masa sunana da unguwarmu, har na ƙara da cewa ni ne babba a gida. Da na sani da na yi shiru.

Muna shiga ofis ya zube a gaban shugaban makaranta. Ya kira sunana sau uku, da ƙarfi, yana dafa kaina.

“Ranka shi daɗe, ku yi mai haƙuri! Ɗana na hwari na!”

Shugaban ya cire tabarau, ya daɗe yana kallonsa.

“Ɗan hwari kac ce? Kuma kana kiran sunanai haka, kana roƙo sabo da shi? Baba, tashi ka koma wurin rakenka.”

Tsohon ya tattara rigarsa ya fice, ko waiwaye bai yi ba. Shugaban ya ce wannan shi ne laifi na uku. Gobe in zo da ubana na gaske, in ba haka ba in manta da jarrabawa.

Inna na faɗa wa, ita ta kai wa Baba. Washegari ya bar teburinsa da safiyar ciniki, ya taho da rigar aiki, ina biye da shi daga nesa. A ofis bai roƙi kowa ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “In kun kore shi ba ku zalunce shi ba.” Na ce a raina shi ke nan.

Shugaban ya jawo takardar alkawari, wadda uba ke sa hannu kafin a mai da ɗalibi aji. Baba ba ya rubutun boko, don haka shugaban ya riƙe biro da kansa.

“Sunan ɗalibi?”

Baba ya dubi gefe. Na buɗe baki, shugaban ya ɗaga mini hannu. Ya ce tun da aka fara kawo masa iyayen haya, uba ne ke faɗa da bakinsa, ko takarda ta zauna ba cikewa. Baba ya sunkuyar da kai. Mutumin da ke kayar da bijimi, sai ga gumi yana bin wuyansa.

Ya faɗa. A hankali, yana kallon ƙasa, amma cikakke, har da sunan kakana. Ya dangwala yatsa ya miƙe.

A bakin ƙofa, ba tare da ya juyo ba, ya ce, “Wancan, koma aji.”

Na koma, na yi jarrabawa. Har ya bar duniya bai sake faɗa ba, ni kuma har yau wancan sau ɗayan nake ji.