Kwamfutar Baba da Firjin Hajiya

Yau shekara tara ke nan da Baba ya riga mu gidan gaskiya, amma kwamfutarsa ta tebur tana nan daram a gidanmu na Nassarawa, tana zuƙar wuta ba ji ba gani.

Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma aƙidarsa ɗaya ce a kan mutum da inji: wanda bai yi gumi ba bai yi aiki ba. Ita kuwa kwamfutar, ƙwaƙwalwarta irin ta da ce, ga ci ga nawa. Da an kunna ta sai fankarta ta kama gurnani, janareto ya sauya murya. A kan akwatinta yake ɗora shayinsa don kada ya huce. In mun yi ƙorafi sai ya dafa ta ya ce, "Kun ji ɗumi? Tunani take yi."

Bara na sayi tawa, ba ta fi kwanon sha girma ba. Sauri kam ba a magana, wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba, in ka taɓa ta sanyi ƙalau. Da yana raye, na san zai kasa kunne ya ji shiru, ya ce an sayar mini da raguwa. Zamani riga ne, amma Baba bai taɓa saka wadda ba shi ya auna ba.

Mahaifiyarmu, Hajiya, kullum da hantsi sai ta kunna tsohuwar, alhali ko harafi ɗaya ba ta bugawa. Da muka sa sola, Malam Ishaya mai gyaran wuta ya gwada, ya ce batiran ba za su ɗauke ta tare da firji ba, sai dai a zaɓi ɗaya.

Na yi farat na ce, "A ba 'yan gwangwan! Ga tawa na bar miki."

Hajiya ta ce, "Ke Auta, taki ai ba ta numfashi. In waccan tana gurnani, ji nake Alhaji yana ɗakinsa, yanzu zai ce a kawo shayi."

Wallahi kunya ta rufe ni, ni da nake ta cewa a zuci sabo turken wawa.

Yanzu daga hantsi zuwa azahar firji hutawa yake, ruwan randa muke sha a zafin Kanon nan. Allah ya jiƙan Baba, ya bar mana gurnani da ɗumi. Shekaranjiya na shiga ɗakin da shayina, ban ankara ba na ɗora shi a kan tsohuwar kwamfutar, na dafa ta. Tunani take yi.