Kawu Sani da Amon Baƙin Rami

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Kawu Sani, amma da zarar na ji an ƙwanƙwasa sabuwar tukunya, sai in gan ni a tsakar gidanmu, can ƙauye kusa da Dawakin Tofa, ƙamshin gasasshen yumɓu ya cika ko'ina.

Shekarar wuya ce. Ruwa ya ɗauke gero bai nuna ba, jami'a kuma tana yajin aiki, Kawu ya dawo gida bai kammala bincikensa ba. Yayyensa, har da mahaifina, suka ce karatun ya isa haka, ya bi su cin rani. Aka kai maganar gaban Kaka, mahaifiyarsu, mai ginin tukwane. Abin da ta yanke, shi za a yi.

Ranar tana zaɓen tukwanen kasuwa. A gidanmu ba a fitar da tukunya sai an buga ta da yatsa. Lafiyayya amonta yakan daɗe, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa nata ya mutu da wuri.

"To, Malam Sani," in ji Kaka, "me kake nema a sama wanda babu a ƙasa?"

"Tukunya, Inna."

Muka kwashe da dariya. Ya ce akwai manyan taurarin da in sun mutu sukan dunƙule su zama baƙin rami, ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa. In biyu suka yi karo suka haɗe, sabon ramin yakan yi ta karkarwa kamar tukunyar da aka buga, har ya lafa. Tsohon lissafi ya riga ya faɗi yadda amon zai kasance. Shi kuwa yana ganin dokokin abubuwan da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta za su ɗan sauya shi, kamar yadda siririyar tsaga ke yi. Wannan ɗan sauyin yake lissafawa.

Ya turo mini tukwane biyu. "Hadiza, buga. Wacce ta fi daɗewa?" Na nuna, ya yi ta tafi kamar na ci jarrabawa.

"Wa zai ji wannan tsagar taka?" Kaka ta tambaya.

"Ƙila jikokin Hadiza."

"Kai! Wannan kasuwa da nisa take." Ta share hawayen dariya, ta dubi yayyensa. "Ku ƙyale mini shi ya koma."

Ya koma, ya kammala, ya fara koyarwa, sai ajali ya zo. Allah Ya jiƙansa.

Yau na'urori suna kama karkarwar nan daga can nesa, har an mayar da ita sauti. Na saurara a waya, gajeruwa ce kamar kukan ɗan tsako. Ɗan sauyin da Kawu ya lissafa dai ba a ji shi ba tukuna. Da yana nan, zai ƙosa? Ban yi zato ba. Ina jin zai tara yaran gida ya yi ta kunna musu, yana murna kamar ranar sallah. Abin da ya bar mana ke nan: jin daɗin tambaya, ko amsarta ba za ta same ka a raye ba.

Sai bara Gwaggo, ƙanwarsa, ta faɗa mini abin da ya sa Kaka ba ta yi jinkiri ba. Sanƙarau ya taɓa kunnensa tun yana ƙarami. Magana yana ji, amma da Kaka ta zauna koya masa sana'ar gida, kuka ya yi mata. Duk tukwanen gidanmu, a kunnensa murya ɗaya gare su.